Kwikwiyo a tsakar gida: Yadda renon kare ke gwada zaman aure a Yola da Jimeta

Da yammacin wata Alhamis cikin watan Maris na bara, a irin ranakun da zafin Jimeta ke haura digiri 40, ɗan wan mahaifina ya shigo gidansa rungume da kwalin taliya. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a Adamawa, matarsa kuwa Adda. Yara suka yi ca a kan kwalin suna zaton tsaraba ce. Da aka buɗe sai ga kwikwiyo baƙi mai ratsin ja a ƙafafu, bai wuce mako bakwai a duniya ba, sai rawar jiki yake yi. Adda ta leƙa sau ɗaya, ta koma kicin ta ci gaba da aikinta. Daga wannan yammaci har kusan mako uku, maganar da ke shiga tsakaninta da mijinta ba ta wuce gaisuwa da kuɗin cefane ba.

Hamma yana da hujjarsa. Kwana goma kafin nan an haura katangar maƙwabcinsu cikin dare, an kwashe wayoyi da batiran sola, maigidan kuma ya tsira da sara a hannu. Duk wanda ya zauna a Jimeta ko cikin garin Yola a 'yan shekarun nan ya san sunan 'Yan Shila, gungun matasan da suka yi ƙaurin suna wajen ƙwacen waya da jakunkuna, sau da yawa a cikin Keke Napep, riƙe da wuƙaƙe da adduna. Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri da rundunar 'yan sandan jihar sun sha kai musu samame, ana samun sauƙi, sai kuma abin ya sake ɗagowa. Magidanci mai matsakaicin albashi, wanda ba zai iya biyan maigadi duk wata ba, idan ya yi lissafi sai ya ga kare ya fi masa araha. Shi ya sa a yau ake jin haushin karnuka daga bayan katangun gidajen da iyayen masu su ba su taɓa barin kare ya tsallaka zaurensu ba.

Ita ma Adda tana da tata hujjar, kuma ta fi ta mijinta gajarta: ba a shawarce ta ba.

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar Adamawa. Makiyayi ya san amfanin rawaandu, kamar yadda ake kiransa da Fulatanci, a bakin ruga. Maharba ba sa shiga daji sai da karnukansu, kuma waɗannan maharban ne suka mara wa sojoji baya aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamban 2014. A gidajen Bachama da Kilba da Margi da sauran ƙabilun jihar da dama, yaro kan tashi ya ga kare yana kwance a gindin bishiyar tsakar gida. Abin da yake sabo shi ne kare a cikin gidan birni mai ɗakuna uku da 'yar farfajiya, inda wurin shanya da wurin alwala da wurin wasan yara duk ba su fi taku goma tsakaninsu ba. A Jimeta kuwa, inda auratayya tsakanin ƙabilu ta zama ruwan dare, yakan faru miji ya taso a gidan da kare tamkar ɗan gida ne, matar kuma ta taso a gidan da ko inuwarsa ba a so.

Batun tsarki

Rigimar farko ta addini ce, kuma ita ce ta fi saurin warwarewa, abin da ya ba ni mamaki. Adda ta tsaya a kan cewa kare najasa ne, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake, kuma ladan mai ajiye shi na raguwa kullum. Duka hadisan da ta dogara da su suna cikin ingantattun littattafai. Sai dai da suka kai maganar gaban wani dattijon malami a cikin Yola, wanda ya karantar da Hamma tun yana yaro, sai ya warware musu zaren a hankali.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta kafu a Fombina tun zamanin Modibbo Adama, duk dabba mai rai mai tsarki ce, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai ibada ce da ake yi don bin umarni, ba don an ɗauki ruwan ya zama najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya ne suka tsananta, suka ce najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hadisin raguwar lada kuma ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. A nan ne malamai suka yi saɓani kan karen gadin gida. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da almajirai ke karantawa a zaurukanmu har gobe, ya hana ajiye kare a gidajen gari. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi, yana tsoron masu cutar da shi, shi da kansa ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik kuma ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da ya ajiye abin da ya fi kare haɗari. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona idan buƙatar ta gaske ce.

Malamin bai ba kowa gaskiya ɗungurungum ba. Ya ce wa Hamma buƙatar gadi ba ta halatta masa shigar da kare falo ba, ya ce wa Adda ƙyamar da take ji haƙƙinta ne amma kada ta kira ta da sunan haramci. Suka dawo da sharuɗɗa uku: kare ba zai shiga ɗaki ba, yana da kwanonsa da bokitinsa da ba a haɗa su da na gida, kuma za a kewaye masa wuri nesa da inda ake alwala da shanya. Na lura cewa a gidaje da yawa ana tsayawa a kan gardamar addini ne saboda ta fi sauƙin furtawa. Mace ta ce haramun ne ya fi mata sauƙi a kan ta ce an raina ta.

Wa zai kwashe kashin?

Da aka kawar da batun tsarki sai ainihin ciwon ya fito. Hamma ma'aikaci ne, yana fita ƙarfe bakwai na safe, ba ya dawowa sai bayan La'asar, wani lokaci Magariba. Kwikwiyo mai wata biyu kuwa yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, yana fitsari kusan duk bayan awa biyu, yana kuka da dare saboda an raba shi da uwarsa da wuri (masana sun fi son a bar shi da ita har mako takwas), yana tauna duk abin da ya samu saboda ƙaiƙayin haƙori. A cikin mako biyu ya cinye silifas uku da wayar cajin fitila, ya yaga labulen ƙofar kicin. Duk wannan a kan Adda ya sauka, ita da ke da goyo da yara biyu 'yan firamare da kuma sana'ar ɗinki a gida. Mai kare yana ofis, wadda ba ta so shi ba ita ce ke bin sa da tsintsiya.

A ganina nan ne laifin Hamma ya fi girma, kuma laifi ne da magidanta da yawa ke yi ba tare da sun ɗauke shi laifi ba. Kare na iya rayuwa shekara goma ko fiye. Wanda ya kawo shi gida ya ɗora wa iyalinsa aikin shekara goma, ya kuma buɗe sabuwar ƙofar kashe kuɗi: abinci, allurai, maganin tsutsar ciki, maganin kaska, keji. Mutumin da ba zai sayi firiji ba sai ya ji ta bakin matarsa, sai ga shi ya shigo da mai rai a kwali. Adda ta taɓa yi masa lissafi a gabana, cikin sanyin murya, cewa kuɗin da aka kashe wa kwikwiyon a watan farko ya fi abin da ya rage a biya na makarantar Islamiyyar yara. Bai ce komai ba, don lissafin daidai ne.

Ita ma ba ta fita ba. A mako na uku ta bar ƙofar gida a buɗe da gangan, da fatan kwikwiyon ya fita ya ɓace. Wani almajiri ne ya tsinto shi a bakin kwalbati ya dawo da shi. Da mota ta take shi, ko ya haɗu da karnukan titi ya dawo da cuta, da abin ya fi haka muni, kuma 'ya'yanta ne za su fara ɗaukarsa.

Duka ko lada

Saɓani na uku shi ne wanda ya fi daɗewa, kuma a nan matsayinsu ya juya. Hamma, mai son karen, shi ne mai tsanani. Abokansa sun gaya masa cewa idan yana son kare mai zafi, to ya kulle shi a keji mai duhu duk yini, kada ya bari ya ga baƙi, ya riƙa zuba masa barkono a abinci, idan ya yi kashi a inda bai dace ba a tura hancinsa a ciki a yi masa bulala. Adda, wadda ba ta ƙaunar karen, ita ce ta ce ba za a yi wannan a gidanta ba. Ta tuna masa hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ta ƙara da abin da ya fi komai damunta: dabbar da aka koya wa tsoron hannun mutum, wata rana hannun ɗanta za ta kama.

Abin da binciken masana ya nuna yana bayan Adda. Tsakanin mako uku zuwa kamar mako 12 ko 14 na rayuwar kwikwiyo ne ƙwaƙwalwarsa ke rarrabe abin da yake na yau da kullum da abin tsoro. Wanda aka kulle a wannan lokaci, bai ga yara ba, bai ji ƙarar babur ba, bai ga mace da hijabi ko dattijo da sanda ba, yakan girma yana tsoron duka waɗannan, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo ba gargaɗi. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano cewa karnukan da ake ɗaurewa da sarƙa sun fi waɗanda ba a ɗaurewa yiwuwar cizo kusan ninki uku. A 2020 masu bincike a Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal sun gwada karnuka 92 daga makarantun horo daban-daban, suka ga waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar wuya sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin damuwa ya fi yawa a yawunsu, a kan waɗanda ake horarwa da lada. A 2021 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin ɗabi'ar dabbobi ta fitar da matsaya cewa horo da lada shi ne ya kamata a bi ga kowane kare.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Kare yana haɗa aiki da sakamakonsa ne idan sun zo a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan ya yi fitsari a baranda ƙarfe goma na safe, aka doke shi ƙarfe biyar na yamma, abin da ya koya shi ne dawowar maigida bala'i ce. Hanyar da ke aiki mai gajiyarwa ce amma ba ta da tsada: a fitar da shi wuri ɗaya da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa, idan ya yi a wurin a ba shi ɗan guntun nama ko busasshen kifi nan take. Barkono kuwa ba ya ƙara masa komai sai ciwon ciki. Sauran tuwo da miyar da aka saba zuba wa karen gida ma akwai abin lura a ciki, domin albasa na lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Gadi ba ya buƙatar mugunta. Karen da ya san mutanen gidansa, ya san iyakar gidan, da kansa zai yi haushi idan baƙo ya taɓa katanga da tsakar dare, kuma haushin nan shi ne yawancin abin da ake nema. Ɓarawo ya fi tsoron a farka a kan a cije shi.

Akwai wani abin dariya da ya ɗauke su wata guda kafin su gane shi. Hamma yana ba karen umarni da Turanci, don haka ya gani a bidiyon YouTube. Adda tana kora shi da Hausa. Yara da kakarsu suna kiran sa da Fulatanci. Hamma ya hana shi tsalle a jikin mutane, yara kuma suna tafa masa idan ya yi. Adda ta hana shi zuwa ƙofar kicin, amma ƙanwarta da ke zaune da su tana jefa masa ƙashi daga can. Kare ba ya jin kowane harshe, sauti yake riƙewa da abin da ke biyo bayansa, don haka gidan da ke da dokoki huɗu ba shi da doka ko ɗaya a wurinsa. Irin wannan ne ke sa kowane ɓangare ya ce hanyar ɗayan ce ta lalata karen. A ƙarshe suka zaɓi kalmomi biyar na Hausa, zo, zauna, bari, fita da kwanta, babbar 'yarsu ta rubuta su a bayan kwali ta liƙa a ƙofar kicin.

Inda babu ja-in-ja

Akwai abu ɗaya da bai kamata ya shiga cikin cinikin miji da mata ba, wato allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar karnuka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ana yi wa kwikwiyo allurar ne idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a cikin gida. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar na daina yaɗuwa. A kan haka aka gina burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030, kuma duk ranar 28 ga Satumba ake tunawa da yaƙi da cutar, ranar da Louis Pasteur, wanda ya fara gwada rigakafinta a jikin mutum a 1885, ya rasu.

Hamma ya so ya jinkirta allurar zuwa ƙarshen wata, da hujjar cewa karen ba ya fita. Adda ta ce ko allura a makon nan ko kare ya bar gidan, kuma a nan ban ga abin da za a sasanta ba. Kafin ta haukan kare ma akwai jerin alluran da ake farawa tun mako shida zuwa takwas, waɗanda ke kare kwikwiyo daga cutar amai da gudawar jini mai kashe su cikin kwanaki. Mai sayar da kwikwiyo a bakin titi zai rantse an yi duka. Idan babu kati mai sa hannu da hatimin likitan dabbobi, a ɗauka ba a yi ba.

Idan kuma cizo ko yaƙushi ya auku, ko daga karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, kamar Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a nemi allurar bayan cizo. A tsare karen a sa masa ido kwana goma. Ɗora gashin karen a kan ciwon ko shafa masa ganye, kamar yadda wasu ke yi har yanzu, ɓata lokaci ne da ake biya da rai.

Zuwa wurin likitan dabbobi tare shi ne ya fi komai sauya zamansu. Abin da Adda ta yi wata guda tana faɗa Hamma bai ji ba, da ya fito daga bakin likita cikin minti goma sai ya karɓa, abin da ya ƙara ɓata mata rai na kwana biyu. Likitan ya kuma gaya masa abin da bai so ji ba game da shirinsa na ƙaro babban kare mai gashi irin na ƙasashen sanyi: a zafin Yola na watan Maris da Afrilu, irin waɗannan karnuka wahala kawai suke sha, kuma kejin kwano da rana ta doka na iya kashe kare cikin awanni. Karen gida da aka raina ya fi su jure zafi da kaska, cinsa kuma bai kai nasu ba.

Ba kowane gida ne zai kai inda suka kai ba. Idan ɗaya daga cikin ma'aurata yana da tsoron kare na haƙiƙa, ko wani yaro yana da asma da ke tashi, ko gidan haya ne da ake raba tsakar gida da wasu, to mayar da kwikwiyon tun yana ƙarami, lokacin da zai iya sabawa da wani gida, ya fi a riƙe shi a sarƙa shekara da shekaru kowa na jin haushinsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a kai shi bayan gari a yar, domin irin waɗannan ne ke zama karnukan titi marasa rigakafi da ke bin yara a hanyar makaranta.

Yanzu karen ya shekara ɗaya da 'yan watanni. Hamma ne ke tashi bayan sallar Asuba ya wanke kejin, ya zagaya da shi kafin ya tafi aiki, kuma kuɗin abincinsa daga aljihunsa yake fita, ba daga na cefane ba. Adda ba ta taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya, ta kuma ce ba za ta taɓa ba, amma ita ce ke ajiye katin allurarsa a cikin jakar da take ajiye na yara, kuma ita ce ke aika yaro ya ƙara masa ruwa idan rana ta take. Da na je gidan a ƙaramar Sallah na tarar da sabuwar gardama: likita ya ba da shawarar a yi masa fiɗiya don ya rage yunƙurin haura katanga, Adda ta amince, Hamma ya ce sai ya sake komawa wurin malaminsa.